Gaisuwar Mai Rawa a Silimar Toto Rodel

Jaro, Iloilo
Farkon watan Maris

Zuwa ga yayata, Manang Sion,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gona da gwiwar nan taki mai ciwo. Kwandon mangwaro ya iso. Rabinsa ɗanye ne, amma na gode. Na ba mai kwale-kwale wannan takarda ne saboda in na kira ki a waya sai ki ce ba kya ji, alhali na san kunnenki ras yake, abin da ba kya so ne kawai ba ya shiga.

Maganar ɗanki ce. Toto Rodel ya ci mutuncina a gaban mata kusan arba'in, kuma gara ki ji daga bakina kafin ya tsallako ya shirya miki nasa labarin.

Kin san tun da aka ba shi riƙon manajan silimar nan ta cikin babban kanti ya samo mana rawar bale, wadda ake ɗaukowa daga manyan gidajen rawa na Turai, a haska mana a allo sau ɗaya a wata. Ban ƙi gode masa ba. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane tsayuwa a kan yatsun ƙafa, a ɗakin da rufinsa ke yoyo, ban taɓa sa ran zan ga rawa irin wannan da idona ba. Ranar Asabar muka ci ado, ni da ƙawarmu Doray da sauran matan ƙungiyarmu ta masoya bale, har da biyun da jikoki ke turowa a keken guragu. Doray ta sa 'yan kunnen aurenta.

Abubuwa da yawa na haɗiye, Manang, don kada a ce na cika mita. Na haɗiye sanyin da suka sakar mana kamar kifi ne mu. Na haɗiye wani saurayi a bayana da ya tauni gugguru tun daga buɗe labule, shi da budurwarsa, ina jin sun ɓata ƙofa ne. Na ma haɗiye mai riƙe da kyamara, wanda har yau ba wanda ya gaya masa da ƙafa ake rawa. Yarinyar da ke rawar ta zo wurin da ya fi wuya, tana juyi a kan ƙafa ɗaya, mu duka mun riƙe numfashi, sai bawan Allah ya kawo mana fuskarta ta cika allo, har gumin hancinta muna gani, ƙafar kuwa oho. Doray ta ce da ƙarfi a sauke abin nan ƙasa, kamar yana jin ta. Duk da haka yarinyar ta yi rawa. Hannunta kaɗai ya sa ni hawaye, ni da na ce babu sauran mai rawar da za ta sa ni kuka.

Labule ya rufe, muka miƙe, muka gyara hannu. Sai allo ya mutu, fitilu suka kama, aka sako mana tallar taliya.

Ko da yake kin gudu daga ajin rawa tun muna yara don kin fi son hawan bishiya, kin dai san wannan. Rawa ba ta ƙarewa da rufe labule. Sai masu rawa sun fito gabansa sun rusuna, an amsa musu da tafi, sun ɗago. Kuma muddin mai rawa tana rusune, ba a juya mata baya. Haka aka koya mana, haka na koyar. Ɗanki ya sa an datse gaisuwar gaba ɗaya, wai don a samu lokacin share zaure.

Muka koma muka zauna gaba ɗayanmu. Can sai ga shi da laktaye a wuya, yana ta murza hannu.

"Tita, don Allah ku tashi. Mutane na layi a waje, fim ɗin yara zai shiga."

"A mayar mana da gaisuwar. Mu tafa, mu fita."

"Tita, allo ne fa. Yarinyar nan tana can Turai, tun bara aka ɗauki abin. Ba ta jin ki."

"Kai ma ai ba ka jin magana ta, ga ka kuma a gabana."

Matan suka yi dariya, ya sunkuyo ya ce mini a kunne wai zan sa a kore shi daga aiki. Yaron da na yi wa wanka a baho lokacin da kika kawo mini shi makaranta, yau shi ke tsorata ni da kora. Muka ci gaba da zama har iyayen yaran suka fara buga ƙofa. Da mun fi haka daɗewa, sai dai fitsari ya matsi Doray, kuma ba ma barin ta ita kaɗai a matakala.

Ki ja masa kunne. Wata mai zuwa muna son gaisuwarmu cikakkiya. Ki gaida mutanen gona, Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarki,
Nila

*

Guimaras
Tsakiyar Maris

Inday Nila,

Ina gaishe ki. Gwiwa da sauƙi. Mangwaron ba ɗanye ba ne, ke ce ba kya iya jira ya nuna.

Na karanta takardarki sau biyu, na farko na yi dariya, na biyu raina ya ɓaci. Tsofaffi arba'in kun zauna kun hana yara kallon fim don kuna son ku tafa wa bango. Da a nan ne aka ga mace tana tafa wa bango, da tuni an kira mata mai magani.

Ni ban san komai a kan rusunawa ba, kin faɗa da bakinki. Amma na san abin da ke ba ki tsaya kin tambaya ba. Riƙo aka ba Rodel, ba a tabbatar masa da kujerar ba tukuna. Sai ƙarshen Mayu masu silimar za su duba su ce ya zauna ko ya tafi. Matarsa Jovelyn cikinta ya tsufa, ga babban yaron zai shiga makaranta. Rawar nan kuma ba su suka so ta ba. Shi ya yi ta bin su yana roƙo, suka ce tsofaffi ba sa sayen gugguru, ya ce su ba shi dama, in abin ya lalace a kansa. Don wa ya yi? Ni dai ba na kallon masu tsalle da gajeren siket.

Da ya ce za ki sa a kore shi, ba tsorata ki yake yi ba, gaskiya ya gaya miki. Tun yana ƙarami in ya ji tsoro murza hannu yake yi, ke kin fi kowa sani.

Duk da haka na yi masa magana a waya, kin ga ashe ina ji. Na ce ya nemi dabara ya ba ku abinku ku tafa ku huta, tunda na san ki, in kika kafe ba mai kauda ke. Ya ce zai rubuto miki da kansa. Ke kuma ki riƙe matanki, musamman Doray, tun muna 'yan mata ba ta da birki.

Ki sha maganin hawan jininki kafin ki je, ba bayan kin dawo ba. Sai na ji daga gare ki.

Manang ɗinki,
Sion

*

Ofishin Manaja
Ƙarshen Maris

Zuwa ga Shugabar Ƙungiyar Masoya Rawar Bale,
Madam Leonila,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da ƙungiyarku cewa hukumar silima ta duba koken da kuka gabatar. Daga watan Afrilu za a nuna gaisuwar ƙarshe har zuwa ƙarewarta, ba za a sake datse ta ba. Na yi wannan alkawari da sunana. Sai dai za a kunna fitilu da zarar labule ya rufe, kuma masu shara za su shiga su fara aikinsu, domin fim na gaba yana da lokacinsa. Ana roƙon 'yan ƙungiya su fita da zarar allo ya mutu.

Haka nan ana roƙon su daina abubuwa kamar haka. Kada a ƙwace gugguru daga hannun wasu masu kallo. Kada a aika wa ma'aikacin ɗakin na'ura saƙo cewa ya sauke kyamara, ba shi ke riƙe da ita ba, kuma ya ce in aka sake hawa masa bene zai bar aikin. Kada a tsawata wa wanda ya yi tafi a inda ba a tafi.

Tita, na gama da na ofis, saura nawa. Nanay, mahaifiyata, ta kira ni ta wanke ni tas, ke kin kunyata ni a gaban ma'aikatana, matata kuma tana tambayata me ya sa ba na barci. Ni ban ce rawarku ba ta da kyau ba. Na leƙa, na ga yadda kike kallon ta, na ji daɗi har cikin raina. Amma ki duba mini, fim ɗin yaran nan shi ke riƙe da gidan nan, ranar nan kuma iyaye da yawa sun mayar da tikiti sun tafi suna zagi, labari ya kai wurin masu silimar a Manila kafin in kai gida. Na ce musu kuskuren na'ura ne. Wannan ƙaryar sau ɗaya take ci.

Ku tafa iya son ranku, Tita, har hannu ya yi ja. In allo ya mutu ku fita. Abin da nake roƙo ke nan.

Jovelyn tana gaishe ki, ta ce ki zo ranar Lahadi akwai miyar kaza da gwanda. Ina neman albarkarki.

Ɗanki,
Rodel

*

Jaro, Iloilo
Afrilu, bayan Ista

Manang Sion,

Barka da Ista, da fatan kun yi biki lafiya. Ba zan yi doguwar gaisuwa ba, raina a jagule yake.

Ɗanki ya aiko mini takarda da tambarin ofis, ya kira ni Madam Leonila. Na ajiye ta, wata rana zan karanta wa 'ya'yansa. Ya cika alkawari, ban ce bai cika ba, an nuna mana gaisuwar. Amma ki ji yadda aka nuna ta. Labule na rufewa aka watso mana fitilu, allo ya koɗe, masu rawa suka zama kamar an wanke su da ruwan wanki. Muna tsaye muna tafi sai ga masu shara da tsintsiya da bokiti suna ratsa mu. Wata ta taɓa ni ta ce, "Lola, ɗaga ƙafa." Ni ce Lola, wai kaka. Ina amsa gaisuwar mutanen da suka yi wa jikinsu azaba tun suna yara don su tsaya a wannan dandamali, ita kuma tana neman ƙasan takalmina. Me ma za ta share? Ko ruwa ba ma sha a ciki.

Yanzu ga abin da za ki ji a bakin mutane, gara in faɗa miki yadda ya faru. Doray ta shigo da furanni a jakarta. Ban sani ba, Allah shi ne shaidata. Ta ce lokacin da take Manila, in mai rawa ta burge su, jifan dandamali suke yi da furanni, kuma ba ta ga dalilin da zai sa yarinyar nan ta rasa nata ba don kawai tana nesa. Fararen furanni ne da masu sayarwa a bakin coci ke rinawa shuɗi, ta naɗe gindinsu da jiƙaƙƙen tsumma don kada su yanƙwane. Da babbar mai rawar ta fito ita kaɗai, Doray ta taka har gaba, ta ɗaga hannu. Matar da ke cewa ba ta iya ɗaga butar shayi. Damin ya tafi ya daki allo a tsakiya, daidai goshin yarinyar, ya zame ƙasa ya bar shuɗin layi.

Ba zan ɓoye miki ba, mun yi shewa. Rabin matan suna cewa ashe Doray da sauran ƙarfinta. An ce duk wanda ya fito a fim ɗin da ya biyo baya, jarumi ne ko mugu, da shuɗin tabo a goshi ya fito, yara suna ta nunawa suna dariya. In kin tambaye ni, an ƙara musu nishaɗi ne kyauta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Rodel. Na shirya masa amsa, na jira ya zo ya yi faɗa. Bai yi ba. Ya sauko, ya durƙusa ya tsince furannin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Doray, ya ce ta yi hankali da matakala. Ni ko kallona bai yi ba. Wannan rashin kunya ce irin ta zamani, a bar babba da magana a baki. Na je cin miyar kazar ranar Lahadi, aka ce ya fita.

Tabo dai ruwa da sabulu ne. Na aika musu da sabulun wanki mai kyau, aka dawo mini da shi, wai ba a taɓa allo da sabulu. Komai nasu da fi'ili. Ki gaya masa ya daina kumburi, na yi wa Doray faɗa, ta ce ba za ta ƙara ba sai dai in rawar ta yi kyau sosai.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Nila

*

Guimaras
Farkon Mayu

Nila,

Gaisuwa. Babu mangwaro wannan karon, ban ga dama ba.

Ranar Lahadin da kika je aka ce ya fita, nan ya zo. Ya hau kwale-kwalen safe, ya zauna a gindin bishiya har rana ta juya. Na dafa masa kifi da tsami yadda yake so, ya juya cokali ya ajiye. Jovelyn ce ta kira ni daga baya tana kuka, ta gaya mini abin da ake ciki.

Sai da aka ɗauko masu gyara daga Manila kafin tabon Doray ya fita, an rufe zauren kwana da kwanaki. Masu silimar sun ba shi gargaɗin ƙarshe. Ranar rawarku ta wannan wata za su turo mutum ya tsaya ya gani da idonsa. Rawar kuma an ce doguwa ce, ta cinye lokacin shara duka. Labule na rufewa dole zaure ya zama babu kowa, ba zancen tsayawa tafi. In kuka tsaya, ko wata ta sake yin wani abu, a ranar zai miƙa makullai.

Na kira shi na ce masa ya soke rawar kawai, ya ce an riga an sayar da tikiti. Na ce to ya datse gaisuwar kamar da, ya kashe allo, ya sa masu gadi su fitar da ku. Ya ce ya yi miki alkawari da sunansa, kuma ba zai sa a taɓa matar da ta goya shi ba. Kin ji irin taurin kan, ba a wurina ya ɗauko shi ba. Wato zai bar gaisuwar tana tafiya, ku kuma za ku tsaya mata, shi kuma zai rasa aikinsa yana kallo. Ya ce kada in gaya miki. Ga shi na gaya miki.

Ban taɓa hana ki rawarki ba, Nila. Lokacin da Tatay ya ce ba 'yarsa da za ta ɗaga ƙafa a gaban jama'a, ni na tsaya miki. Yarinyar allon nan tana da masu tafa mata a garinsu, dubbai. Ɗana ba shi da kowa a zauren nan sai ke. Ko ku zauna a gida, ko ki fitar da matanki. Yadda za ki yi, ke kika sani, ke ce mai ilmin.

Ina jiran abin da za ki yi, ba abin da za ki rubuta ba.

Sion

*

Jaro, Iloilo
Ƙarshen Mayu

Manang,

Ina gaishe ki, ko da ba ki amsa ba. Kin ce ba kya son rubutu, to ga abin da na yi, ki karanta ko ki kunna wuta da shi.

Zama a gida ba zai yiwu ba. Na gwada faɗa wa matan, suka yi mini caa, wata ta ce ko a kan gadon asibiti take sai an kai ta. Da na ce to sai mu fita labule na rufewa, Doray ta tambaye ni a gaban kowa ko ni ce dai Nilar da ta taɓa korar ɗaliba daga aji don ta juya wa mai kiɗa baya kafin a gama gaisuwa. Na kwana biyu abin yana cina.

Sai na tuna ba wanda ya ce dole a tafa a tsaye wuri ɗaya. Abin da aka hana shi ne juya baya. Ƙofar zauren kuma a baya take, can saman matakala. Na tara su a tsohon ɗakin koyarwata, na ce za mu fita da baya da baya, fuskarmu na kallon allo, muna tafi.

Manang, na koyar da yara masu ƙafar agwagwa, na koyar da 'ya'yan masu kuɗi da ba a isa a tsawata musu ba, ban taɓa shan wahala irin ta makon nan ba. Tsofaffi arba'in, kowacce ta taɓa zama tauraruwa a bakinta, kowacce tana son layin gaba, alhali na gaya musu layin gaba shi ne na ƙarshen fita. Na haɗa su biyu biyu, mai gani da marar gani, mai ƙarfin gwiwa da mai sanda. Ta waje tana tafi, ta ciki tana riƙe da ƙugun 'yar'uwarta tana buga cinya da ɗaya hannun. Masu keke jikoki za su ja su ta baya. Muka yi ta maimaitawa a matakalar coci har Fada ya leƙo ya tambaya ko sabuwar ibada ce. Ranar kuma na tsaya a bakin ƙofa na zazzage jakar Doray da hannuna. Akwai fure ɗaya a cikin rigarta, na cire.

Mutumin Manila yana nan tsaye a baya, siriri, da agogo a hannu. Rodel na gefensa yana murza hannu. Rawar ta ranar ban san me zan ce miki ba. Rabinta ban gani ba, idona na kan matan, ina lissafin wadda za ta ba ni kunya. Wannan ma wani abu ne da ɗanki ya ci mini.

Labule ya rufe, fitilu suka kama, na buga sanda a ƙasa. Suka miƙe, suka fito layi, suka fara hawa da baya suna tafi, kai a ɗage, kafaɗa a buɗe. Ban taɓa ganin aji ya bi umarnina haka ba. 'Yan tsirarun da ba namu ba suka tsaya baki buɗe, sannan suka ruga waje don kada mu taka su. Kusa da ƙofa Misis Pacing, mai shekara tamanin da wani abu, ta kuskure matakala ta tafi luu, sai a ƙirjin mutumin Manila. Ya tare ta, agogonsa ya faɗi. Ta ce masa ya cika ta, tana da miji, ta ci gaba da tafinta. Na ga fuskarsa ta yi fari.

Ni ce ta ƙarshe. Zaure ya zama babu kowa tun ƙananan masu rawa ba su gama gaisuwarsu ba, ko mai agogo bai isa ya ce mun makara ba. Ina bakin ƙofa, Rodel na riƙe da ita, sai babbar mai rawar ta fito ita kaɗai. Ta taka a hankali har gaba, ta kai gwiwa ƙasa, ta sunkuyar da kai, ga kujeru a gabanta fayau.

Na ce, "Toto, bari ta ɗago."

Ya ce, "Tita, yana kallonmu."

Na ja ƙafata na fita, ƙofa ta rufe yarinyar tana rusune. Ban juya mata baya ba, amma na bar ta, kuma duk dabarar da na yi ba ta canza wannan ba. Na zauna a bencin gaban shagon takalma na yi kuka, Doray tana yi mini fifita tana cewa ai mun yi kyau. Baƙin ciki nake ji, Manang, da haushi, har yanzu da nake rubutun nan. Don ɗanki na yi, kuma in aka sake zan sake, amma kada wanda ya ce mini ba komai ba ne.

Ban san me mutumin ya yanke ba. Sun shige ofis, ni kuma na hau mota. In kin ji wani abu ki aiko. Ki aiko da mangwaron ma, fushin ya isa haka.

Ƙanwarki,
Nila

*

Iloilo
Farkon Yuni

Tita Nila,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan ƙafafunki sun huce.

An tabbatar mini da kujerar. Na gode.

Rawar kuma an janye ta. Mutumin ya ce bai taɓa ganin an fita daga zaure da sauri haka ba, kuma ba zai yarda ya sake gani ba, don wata rana wata za ta fasa kai a matakalarsu. Na roƙa, ya ce maganar ta ƙare. Na so in zo in faɗa miki da baki, na kasa.

Akwai abu ɗaya. Da ƙofa ta rufe, shi ya bi ku waje yana duba ko Misis Pacing ta ji ciwo. Ni na koma ciki. Masu shara suna tsaye, babu abin sharewa. Yarinyar tana nan yadda kika bar ta. Har yanzu ban yarda tana ji ba, Tita, allo ne. Amma na ce su ajiye tsintsiya, muka tafa mata mu uku har ta ɗago.

Ki zo ranar Lahadi. Ina gida.

Ɗanki,
Rodel